Kunyar 'Yar Fari a Ɗakin Haihuwa

Ni dai tun da nake ban taɓa shirin dambe irin na ranar da 'yar farina za ta haihu ba. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, a wani ƙauye kusa da Zango, kuma duk wanda ya san matsar tunkuza ya san hannun mai yin ta ba abin wasa ba ne. Wannan hannun na ɗauka na tafi da shi asibiti, da niyyar duk nas ɗin da ta kuskura ta ɗaga wa yarinyar nan yatsa, to ranar za ta san yadda gyaɗa take ji kafin ta ba da mai.

Amma bari in faro daga tushe, kada a ce matar nan haka kawai take da neman rigima.

Haihuwata ta fari a asibiti na yi ta, ba don ina so ba. A zamaninmu mai cikin fari ba ta cewa tana naƙuda. Wa za ki gaya wa? Da wane bakin? Sai dai ki cije, ki yi ta shara, ki yi ta kai da kawo a bayan ɗaki, har Allah ya sa wata tsohuwa ta lura da yadda kike dafa bango. Ni kuwa na iya ɓoyo har na wuce gona da iri. Kafin a farga abu ya ƙi gaba ya ƙi baya, ungozomar garinmu ta ba ni rubutu da jiƙe-jiƙe har ta gaji, ta ce a nemi mota. A bayan akori-kura aka kai ni, a kan buhunan gero, innata tana tallafe da kaina.

A bakin ƙofa aka tare Inna. "Tsohuwa, waje!" Aka bar ta a gindin darbejiya da ƙullin zannuwa, ni kuma aka shige da ni wani ɗaki mai gadaje a jere, ba labule, kowa tana kallon kowa. Abin da uwar da ta haife ni ba ta gani ba tun da na yi wayo, ranar har mai shara ya gani.

Na durƙusa a ƙasa, don ni abin da na sani ke nan, mace a kan gwiwa take haihuwa. Nas ɗin ta ce, "Ke 'yar ƙauye, nan turken awaki ne? Hau gado ki kwanta!" Na hau na kwanta rigingine, bayana kamar zai tsage. Da na haɗe ƙafafu don kunya sai ji na yi tas! a cinya. Da na yi ƙara ta ƙara mini wani, ta ce, "Lokacin da kike jin daɗinki da mijinki kin kira ni?" Wallahi marin bai yi mini zafin maganar nan ba. Aka yi mini ƙari ba wanda ya ce mini ga abin da za a yi, aka ɗinke ni ina jin shigar allura da fitarta. Da aka gama sai aka kira Inna, ba don ta ga jikarta ba, don ta wanke ƙasa.

Daga baya na ji wai ita kaɗai ce a kan mata da yawa ranar, ba wuta, ba ruwan famfo. To ni na ɗauke wutar? Na fito na rantse ni da gadon asibiti har abada, kuma sauran 'ya'yana duk a ɗakina na haife su. In an taru gidan suna sai ka ji mata ana gasar mari: wannan ta ce ita a cinya aka ba ta, waccan ta ce nata a baki ne, wata ta ce ita har da ranƙwashi. Mu yi ta dariya har da riƙe ciki, a kawo kunu a sha a watse.

Yarinyar da aka haifa ran nan ita ce 'yar farin tawa. Saboda yaran yanzu, bari in faɗa: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa, ba a nuna an san da ita a gaban mutane. Ana yaye ta Inna ta ɗauke ta. Ita ta raine ta, ita ta aurar da ita can wajen Mai'adua. Inna take kira Inna, ni kuma Yaya, yadda ta ji ƙannena suna kirana. In ta zo gidana mu gaisa ina kallon murhu. In ina son ta miƙo mini ludayi sai in ce, "Wai ba mai miƙo wa mutum ludayi a gidan nan ne?" Sai in ga ludayi ya zo. Haka muka zauna lafiya lau, ba wanda ya ga aibu, ni ma ban gani ba. Ina son ta kamar raina, amma a can ciki, inda ya kamata.

Sai Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ga yarinya da cikin fari. Goyon ciki dole gida za ta zo, gida kuwa yanzu ni ce. Ta zo da ƙafafu a kumbure, da saƙon malaman awo cewa jininta ya hau, kada a kuskura ta haihu a gida, ana tsoron jijjiga. Na san jijjiga, ta taɓa ɗauke mana maƙwabciya da abin da ke cikinta. Don haka ban yi musu ba, rantsuwata a kaina na yi ta, ban yi a kan 'yar mutane ba. Amma na ƙudura a raina, yadda aka shige da ni ni kaɗai aka yi mini abin da aka ga dama, ba za a yi wa wannan haka ba ina numfashi.

Matsalar ita ce ni ba zan iya shiga ba. Uwa a kan naƙudar 'yar fari? A ji a ina! Sai muka ƙulla da aminiyata, wadda muke suyar ƙuli tare tun muna amare: in an yarda wani ya shiga, ita za ta shiga. Ni kuma zan tsaya jikin taga in kasa kunne, ina jin tas in faɗa ciki, sai dai a kira 'yan sanda.

Da hantsi abin ya zo, lokacin kaka, muna tsakar gida muna suyar gyaɗa. Na ga yarinya ta share tsakar gida, ta koma ta sake share inda ta share, ta je ta dafa turmi ta yi tsit tana kallon kaji. Na ce a raina, oho, 'yar gado! Ni za a nuna wa ɓoyon naƙuda? Amma ba dama in tambaye ta. Sai na fuskanci akuyarmu da ke ɗaure a turke, na ɗaga murya na ce, "Duk mai ciwon mara a gidan nan ya sa hijabinsa, mota za a kira."

Akuya ta dube ni. Aminiyata ta kwashe da dariya har ta kusa kifar da kasko.

Yarinya ta ce wa turmi, "Ba komai fa."

Na ce wa akuya, "A gaya wa masu ba komai, mun riga su."

Maigidan ya fita neman mota, aka aika wa mijinta. Ni kuwa na shiga ɗaki na ɗaura zane na tamke, na ci ɗamara da gyale a ƙarƙashin hijabi, na cire 'yan kunne na ajiye. Aminiyata ta leƙo ta ce, "Ke, haihuwa za mu ko filin dambe?" Na ce duk wanda muka tarar. A mota na yi ta bitar zagin da zan yi. Na tanadi na nas, na tanadi na mai gadi, har mai shara na ware masa nasa ko da zai sa baki.

Wani asibiti ne daban, ba wancan ba. Muna isa na dira ina huci, na riga kowa zuwa ƙofa. Sai ga ungozomar asibitin, siririyar yarinya da farin hijabi, ba za ta wuce sa'ar 'yar tawa ba. Ta yi mana sallama. Sallama fa! Ta ce, "Sannunku da zuwa, Mama. Sannu 'yar'uwa, taho a hankali, dafa ni." Na ce a raina kissa ce, bari a rufe ƙofa a ga halinta.

Ta zaunar da ita ta ce, "Mutum ɗaya zai iya shiga ya zauna da ke har ki sauka. Wa kike so?"

Na zunguri aminiyata gaba da gwiwar hannu, yadda muka shirya. Yarinyar nan, da tun da ta yi wayo ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya."

Ungozomar ta bi inda ta nuna da haɓa, ta ce, "Mama, ke ce mahaifiyarta?"

Na ce, "Wa? Ni? Rakiya na yo."

Aminiyata ta ce, "Ƙarya take, ita ta haife ta."

Ungozomar ta yi murmushi ta ce, "'Yar fari ce ke nan. Ni ma 'yar fari ce, Mama, na san zancen. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita ke da haihuwa, wanda ta zaɓa shi zai shiga."

Na ce ga aminiyata nan, ai duk ɗaya ne, ita ma uwa ce. Yarinya ta ce wa ƙasa, "In ba Yaya ba, a bar ni ni kaɗai."

Wannan "ni kaɗai" ita ta kashe mini jiki. Na tuɓe takalmi na bi su sumui-sumui, ni da na zo dambe.

Muna shiga ta ja labule ta zagaye gadon. Ta wanke hannu ta ce, "Zan duba ki in ga inda aka kwana. Zai ɗan yi zafi, kin yarda?" Na saki baki. Mu a da sai dai ki ji hannu. Ta auna jini ta gaya mata ya ɗan hau, ga maganin da za a ba ta, ga amfaninsa. Ta ɗora wani ɗan abu a kan cikin, sai ga bugun zuciyar ɗan muna ji da kunnenmu, fat-fat-fat, kamar 'yan mata suna lugude a maƙwabta. Ta ce in tana son ruwa ta sha, in tana son juyi ta juya. Ni dai ina raɓe a lungu, na ba gadon baya ina nazarin bango, ina kallon ungozoma ta wutsiyar ido.

Can naƙuda ta kankama, yarinya ta kasa daurewa ta saki ƙara. Sai na ga ungozoma ta ɗaga hannu sama, daidai kan yarinya. Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Caraf na damƙe wuyan hannunta, damƙar tunkuza, na ce, "Kul! Wallahi kika taɓa ta sai na karya ki!"

Ta ce, "Wayyo Mama, hannuna! Ledar ƙarin ruwan zan gyara!"

Na ɗaga kai. Ga leda nan rataye a jikin ƙarfe, daidai inda hannunta ya nufa.

Innalillahi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinya tana tsakiyar ciwo ta fashe da dariya, dariya ta koma nishi, nishi ya koma dariya. Aminiyata daga waje ta ɗaga murya, "An fara ne? In shigo?" Na ce ta zauna inda take.

Ungozoma tana murza hannunta, ni ina jiran ta kore ni, kuma da ta kore ni da gaskiyarta. Sai ta ce a hankali, "An taɓa dukanki wajen haihuwa ko, Mama?"

Na ce wa ƙarfen ƙarin ruwa, "Wajen haihuwar wasu."

Ta dubi mai naƙuda, ta gane ko su wane ne wasu. Ta ce, "Iyaye da yawa da irin labarin nan suke rako 'ya'yansu. Waɗanda suka koya mana aiki sun ce haka suka tarar ana yi, ana ganin in ba a daka wa mace tsawa ba, ba za ta yi nishi ba. Mu an koya mana ba haka ba ne. Ban ce an daina ko'ina ba. Amma ki yi haƙuri da abin da aka yi miki, ba daidai ba ne."

Shekara da shekaru ina ba da labarin marin nan ana dariya, ba wanda ya taɓa ce mini ba daidai ba ne. Na sa bakin hijabi na goge ido. Na ce mata fankar ɗakin nan ce take sa mini ruwan ido. Ta ce ai ba wuta.

Wajen azahar abu ya taho gadan-gadan. Yarinya ta ce bayanta zai ɓalle, ba za ta iya kwanciya ba. Ungozoma ta ce, "To yaya kike so?" Ta ce durƙuso. Na runtse ido ina jiran a kira mu 'yan ƙauye, sai ji na yi ana jan katifa ƙasa. Ta shimfiɗa leda da zane mai tsabta, ta matso da ƙarfen ruwan, ita ma ta durƙusa a bayanta da fararen kayanta. Ta ce, "Mama, zo ki zauna a gabanta ta riƙe ki."

Na ce, "A ba ta kujera ta dafa mana."

Ta ce, "Kujera ba ta shafa baya."

Na zo na zauna. Yarinya ta saƙalo hannuwanta a wuyana, ta kifa goshinta a kafaɗata. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ranar yaye. Na ɗaga kai ina kallon rufin ɗaki kamar ba da ni ake ba, hannuna kuwa da kansa ya lalubo ƙugunta yana murzawa.

Aka yi ta fama. Ungozoma tana cewa, "Nishi! Yawwa, haka! To huta." Kai ya leƙo ya koma, ya leƙo ya koma. Sai na ji hannuwanta sun fara saki a wuyana, jikinta ya yi laushi, ta ce, "Na gaji. Ku bar ni in yi barci." Ungozoma ta saurari bugun ɗan, na ga fuskarta ta canja. Ta ɗaga murya ta ce a kira likita, sannan ta dube ni, ba wasa a muryarta, ta ce, "Mama, ɗan ya gaji. So nake ya fito a ciwon nan mai zuwa, ita kuma ta daina jin maganata. Ki yi mata magana."

Na ce, "Ke." Shiru.

Na ce, "Ke yarinya, ana magana."

Na ce, "A daure mana, masu haihuwa." Ko motsi.

Ungozoma ta ce, "Da sunanta, Mama."

Sunan nan, ranar da aka raɗa shi ina ɗaki na ji an faɗa, na ja mayafi na rufe fuska, kuma tun daga ran nan bai taɓa bi ta bakina ba. Ko wata mai irinsa na haɗu da ita sai in ce mai sunan 'yar Inna. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. A nan na gane, a daidai wannan wurin ake kai mari a zamaninmu, in mace ta saki jiki, mai karɓar haihuwa ta tsorata. Ga wannan kuwa hannunta biyu a ƙasa tana jiran kai. Ba ta da mari, ni take da ita. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko a tawa haihuwar.

Na kama fuskar yarinyar da hannu biyu, na dube ta ido cikin ido, na kwaɗa mata kira da sunanta na yanka, da muryar da nake kiran masu sayen mai daga ƙetaren hanya. Daga baya aminiyata ta ce ita a waje har salati ta yi.

Idanunta suka buɗe tar. Ta dube ni kamar akuyar gidanmu ce ta yi magana. Na sake kira, na ce, "Yi nishi! Ina nan, ba inda za ni!" Ta ƙanƙame wuyana har na ga wuta, ta yi wani nishi tun daga tafin ƙafa. Har yau ban sani ba, nishin ne ya fito da yaron ko mamaki. Namiji ne. Ya yi shiru, mu ma muka yi shiru, ungozoma ta goge shi ta murza bayansa, sai ya callara kuka. Likita ya shigo da sauri ya tarar aiki ya ƙare.

Na rangaɗa guɗa. Ni! A haihuwar 'yar fari, a tsakiyar asibiti! Aminiyata ta amsa daga waje, wasu matan da ba su san mu ba suka karɓa, ungozoma tana dariya tana cewa a rage, akwai marasa lafiya. Ta ɗora yaron a ƙirjin uwarsa tun kafin a yanke cibi, ta lulluɓe su tare. Ta tambaya ko za mu tafi da mabiyiya gida mu binne, na ce ƙwarai kuwa. Na nemi bokiti da tsumma in wanke ƙasa, ta ce akwai mai wannan aikin, in zauna in huta. Ina zan iya zama? Na leƙa fuskar yaron na ce, "Au, kai ne angon? Da wannan ƙaton kan ka wahalar da mutane? To na fasa auren, nemi wata." Na yi dariya, na share ido, na sake yin dariya, har ɗamarata ta kwance ban sani ba.

Da la'asar aka mai da su ɗakin hutu, aka ce jinin ya fara sauka. Ungozoma ta zo ta yi mana sallama da shatin yatsuna a hannunta, na ce in Allah ya yarda zan aiko mata da man shafawa, na farkon matsa. Aminiyata ta fita kai wa maza albishir. Ya rage daga ni sai mai jego sai jariri, sai kuwa kunyata ta dawo gaba ɗaya, har ta fi ta da. Na koma can ƙarshen gado na juya gefe, ina ninke zannuwan da ke a ninke.

Ta ce wa jaririn, "Ɗazu kamar na ji an kira wani suna."

Na ce wa zannuwa, "Zafin ciwo ne. Mai naƙuda ba abin da ba ta ji."

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun da Inna ta rasu ban ƙara jin sa a gidanmu ba. Yaya, ban ji da kyau ba."

Na ce, "Ke dai kin cika fitina."

Na leƙa ƙofa, ba kowa. Na leƙa taga, ba kowa. Na matso kamar zan gyara wa yaron zane, na sunkuya daidai kunnenta na faɗa, a hankali wannan karon.

Ta ce, "Na'am."